Honda FC, ƙungiyar da ta ƙi hawa sama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a barkanmu da yamma. Na can baya ku matso, akwai kujeru a gaba.

Abubuwa uku zan taɓo game da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Japan mai suna Honda FC: asalinta, kofunan da ta ci, da yadda 'yan wasanta ke rayuwa. E, wannan Hondar dai da kuka sani, ta babur da mota. Ga wani can yana laluben makullinsa.

Na farko, asali. A garin Hamamatsu, cikin lardin Shizuoka, aka kafa kamfanin Honda a 1948, a nan ne kuma ma'aikatansa suka kafa ƙungiyar ƙwallo a 1971. A zamanin haka ƙwallon Japan take, kusan kowace babbar ƙungiya ta kamfani ce. Honda ta shiga rukuni na biyu na gasar ƙasa a 1975, ta hau na ɗaya a 1981.

To, ga inda nake so ku ba ni hankalinku. A 1993 Japan ta fara gasar ƙwararru, J.League, da ƙungiyoyi goma. Sharaɗin shi ne ƙungiya ta tsaya da ƙafafunta, ta ɗauki sunan gari, ta zama ta mutanen gari. Kamfanoni suka yi ta rububi. Ƙungiyar Mitsubishi ta koma Urawa Reds, ta Nissan ta koma Yokohama Marinos, ta Toyota ta zama Nagoya Grampus, ta Sumitomo ta zama Kashima Antlers. Yamaha ma, maƙwabciyarsu a Iwata, ta bi sahu a 1994 da sunan Júbilo. Honda fa? Honda ta ce a'a. Ba don ƙungiyar ba ta kai ba, a rukuni na ɗaya take. Kamfanin ne ya zaɓi ƙwallonsa ta ci gaba da zama ta ma'aikata.

Wannan a'a ta ja musu asara, kada ku ɗauka wasa ne. Waɗanda ke son zama ƙwararru suka kama gabansu. Tsohon kocinsu Masakatsu Miyamoto shi ya zama kocin Kashima na farko, 'yan wasa irin su Hisashi Kurosaki da Yoshiyuki Hasegawa suka koma can, inda suka haɗu da Zico ɗan Brazil. Har da wani ɗan wasa mai suna Yasuto Honda, ku ji fa, Honda ya bar Honda! Ƙungiyar ta sake gini, ta lashe gasar JFL ta wancan lokaci, wato gasar ƙasa da ke ƙarƙashin J.League, a 1996, mutanen Hamamatsu suka yi ta fatan a shiga J.League. Kamfani ya sake cewa a'a.

Ni wannan abin yana burge ni, kuma zan faɗi dalili. Mun saba jin ƙungiya na neman hawa sama ko ta halin ƙaƙa, a ci bashi, a sayo 'yan wasa, bayan shekara biyu albashi ya gagara. Waɗannan sun duba suka ce mu masu ƙera inji ne, ga iya abin da za mu ɗauka, kuma za mu riƙe shi da kyau. Suka riƙe shi kuwa. Fiye da shekara hamsin ƙungiyar na nan a garinta, da filinta na Miyakoda.

Yanzu JFL ita ce mataki na huɗu, tun da aka ƙirƙiro J3, rukuni na uku na J.League, a 2014. Ƙungiyar da ke son hawa J3 sai ta samu lasisi, ta tara 'yan kallo, sannan ta ƙare a saman teburi. To wa ke zaune a saman teburin? Honda. Ita ba za ta hau ba, amma sai ka buga da ita gida da waje, kuma duk makin da ta ƙwace maka ya tafi ke nan. Shi ya sa a Japan ake mata laƙabi da mai gadin ƙofar J.League. Kamar dattijon da ke zaune a zaure ne, shi ba ya shiga cikin gida, amma ba mai wucewa sai ya gaishe shi. Wasu na ganin tana tare wa masu buri hanya. Ni ban yarda ba. Ƙungiyar da ta kasa doke ma'aikatan masana'anta, me za ta je yi a cikin ƙwararru?

Na biyu... ko na uku ne? Malam mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Kofuna, a gurguje. JFL ta yanzu, zuwa 2023, sun ɗauke ta sau goma: 2001, 2002, 2006, 2008, 2014, sannan huɗu a jere daga 2016 zuwa 2019, sai 2023. A Kofin Sarkin Japan, inda manya da ƙanana ke haɗuwa, sun kai zagayen 'yan takwas a 2007 da 2019. A 2019 ɗin har gida suka bi Urawa Reds, mai riƙe da kofin, suka ci ta biyu da nema. Kuma sau biyun nan wa ya fitar da su? Kashima Antlers, wadda mutanensu suka taimaka aka gina.

Rayuwar 'yan wasa kuwa, akasarinsu ma'aikatan kamfani ne. Da safe aiki, da rana atisaye. Ranar da gwiwa ta ce ta gaji, mutum yana da aikin da zai koma.

Na'am, Alhaji, bismillah.

Ga waɗanda ba su ji ba, yana tambaya ne ko mu ba mu taɓa yin irin wannan ba. Mun yi, Alhaji, ƙwarai kuwa, kuma na san ka fi ni tunawa. A Kaduna akwai UNTL ta masaƙa, akwai DIC Bees ta masana'antar kayan tsaro, wadda ta koma Ranchers Bees har ta buga wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988. Leventis United ta Ibadan ta kai wannan wasan ƙarshe a 1985, Al Ahly ta doke ta, ba a daɗe ba masu ita suka rushe ta. BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko ita ɗauko kofin ma ta yi a 1990. Amma ƙungiyar kamfani numfashinta na hannun kamfani. Da masaƙun Kaduna suka durƙushe, wa zai biya kuɗin motar zuwa wasa? Kuma wannan haɗarin har a Japan yana nan: Sony Sendai, wadda ta daɗe tana karawa da Honda a JFL, kamfaninta ya janye ta bayan kakar 2024. Saboda haka duk kamfanin da zai kafa ƙungiya a nan, ni abin da zan fara nema a wurinsa shi ne takardar ɗaukar 'yan wasan aiki, kafin a zo maganar riga da takalmi. Akwai wani hannu a can gefe, a miƙa masa makirfo.