Sarki Mai Mata Ɗaya: Yadda Aka Karɓi Fim Ɗin Jodhaa Akbar

An kwafo wannan lacca daga faifan muryar wani zama na ɗaliban nazarin fim. An rage gaishe-gaishen farko.

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina da ke kujerun gaba, ɗalibai, barkanku da yamma. Minti arba'in aka ba ni, fim ɗin da zan yi magana a kansa kuwa awa uku da rabi ne har da ɗoriya, saboda haka kada wani ya sa ran zan ba shi labarinsa daga farko har ƙarshe. Abin da ya kawo ni shi ne yadda aka karɓe shi: me masu sharhi suka ce, me malaman tarihi suka ce, me kuma mutanen da ko kallonsa ba su yi ba suka ce.

Bari in fara da tambaya. Su wa suka kalli Jodhaa Akbar? To, ku sauke hannu. A cikinku su wa suka kalli fim ɗin kansa, ba dogon shirin nan na tashar Zee TV ba? (dariya) Ai na sani. Rabin hannuwan sun ɓace. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Fim ɗin ya fito ranar 15 ga Fabrairu, 2008. Ashutosh Gowariker ne ya ba da umarni, mutumin da fim ɗinsa Lagaan na 2001 ya kai har zagayen ƙarshe na gasar Oscar. Hrithik Roshan ya fito a Sarki Akbar, Aishwarya Rai ta fito a Jodhaa, A. R. Rahman ya yi kiɗa, Javed Akhtar ya rubuta waƙoƙi, Amitabh Bachchan kuma ya ba da murya a matsayin mai ba da labari. An zuba dukiya. A Karjat, wajen birnin Mumbai, Nitin Desai ya gina kwatankwacin fadar Agra da ta Amer. Neeta Lulla ta ɗinka suturu, kamfanin Tanishq ya ƙera gwala-gwalan. Ga giwaye, ga dawakai, ga raƙuma. Kafin ya fito ma ana ta ƙananan maganganu, domin a 2006 mutane sun ga waɗannan jarumai biyu a Dhoom 2 suna sata suna tiƙar rawa. Ana cewa, wannan ɗan rawar ne zai hau gadon sarautar Mugal, daular Musulmi da ta mulki Indiya?

Da ya fito, yawancin masu sharhi a jaridu da talabijin sun yaba. Rajeev Masand ya ba shi tauraro huɗu cikin biyar, Taran Adarsh ma haka. Shakkar da ake yi wa Hrithik ta kau, kusan kowa ya yarda rawani ya zauna masa. Amma ba a taru an zama ɗaya ba. Khalid Mohamed na jaridar Hindustan Times tauraro biyu ya ba shi. Kuma ko cikin masu yabon, da wuya ka sami wanda bai yi ƙorafi ɗaya ba: tsawo. Fim ya yi tsawo, farkonsa yana jan ƙafa, a sa almakashi. Wasu suka ƙara da cewa mugun da ke cikin fim ɗin, Sharifuddin, ba shi da wani zurfi illa zare ido, kuma karon battar ƙarshe tsakaninsa da Akbar ya yi kama da wanda aka gani a fim ɗin Amurka Troy na 2004.

Ni dai a nawa ganin, masu cewa ya yi tsawo sun ji ciwon, amma sun nuna wurin da ba nan yake ba. Fim biyu ne aka ɗinke wuri guda. Akwai na filin daga, wanda ya buɗe da yaƙin Panipat na 1556, lokacin Akbar yana ɗan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, Bairam Khan yana riƙe masa sarauta. Akwai kuma na cikin gida, labarin miji da mata da aka ɗaura wa aure don siyasa, ba su san juna ba, addininsu ba ɗaya ba. Na farkon ne ya ci kuɗin, shi ne kuma mai sa hamma. Na biyun, inda ake zaune ana kallon-kallo, ko an ƙara masa minti ashirin ba wanda zai duba agogo.

Bari in nuna muku abin da nake nufi da fitowa ɗaya. Jodhaa, 'yar sarki, amarya, ta ce yau ita za ta shiga madafa ta yi wa mijinta girki da hannunta, abincin garinsu, ba nama. An shimfiɗa, an jera faranta, fadawa sun zazzauna. Sai Maham Anga, matar da ta goyi Akbar, wadda take jin ba mai iko da shi sai ita, ta miƙe a gaban jama'a ta ce ai dokar fada ita ce wanda ya dafa shi zai fara ɗanɗanawa. Ba ta ce guba ba. Ba ta buƙatar ta ce. Jodhaa ta haɗiye abin da ta haɗiye, ta bi kwanukan ɗaya bayan ɗaya tana kai loma, kowa ya yi tsit. Da ta gama, Akbar bai yi wa uwar goyonsa tsawa ba, bai kuma yi wa matarsa jawabin soyayya ba. Cewa kawai ya yi a kawo masa wannan farantin da ta ci a ciki, a nan zai ci.

Duk macen da ta taɓa kama girki a gidan yawa ta san abin da ya faru a wurin nan, ba sai an yi mata fassara ba. Ba giwa, ba takobi, amma an yi yaƙi an gama, kuma kowa ya san wanda ya yi nasara. Ila Arun, wadda ta fito a Maham Anga, da ido kawai ta yi rabin aikin. Sharhin da aka yi ta bugawa a lokacin ya fi ɓata tawada a kan sarƙoƙi da gine-gine da adadin mintoci. Ado ya ɗauke musu ido, kamar ɗan biki da ya dawo yana ba da labarin lefe, aka tambaye shi halin amarya ya yi shiru.

To, wannan kotu ta farko ke nan, ta masu sharhi. Ta biyu ita ce ta malaman tarihi, su kuma a kan suna suka tsaya. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, a 1562 Akbar ya auri 'yar Raja Bharmal, sarkin Amer, a garin Sambhar, kuma ita ta haifa masa Salim a 1569, wanda ya gaje shi da sunan Jahangir. Laƙabinta a fada Maryam-uz-Zamani. Amma littafin Akbarnama, wanda Abul Fazl ya rubuta a fadar Akbar ɗin kansa, bai kira ta Jodha ba. Sunan ya bazu ne daga baya, musamman ta hannun wani Baturen Ingila, James Tod, da ya rubuta tarihin Rajastan a ƙarni na 19. Malamai da dama suna ganin sunan ya fi dacewa da wata gimbiyar Jodhpur da Jahangir ya aura, wato mahaifiyar Shah Jahan mai Taj Mahal. Gowariker ya san da wannan. A farkon fim ɗin ya sa sanarwa cewa ana kiran matar da sunaye daban-daban, shi ya ɗauki wanda jama'a suka fi sani.

Sanarwar ba ta hana kotu ta uku zama ba, ta kan titi. Wata ƙungiya ta Rajput, ƙabilar su Jodhaa, mai suna Karni Sena, wadda aka kafa a 2006, ta ce an mayar da matar ɗa matar uba, kuma wannan cin mutunci ne. Gidajen sinima a jihar Rajastan suka ƙi haska fim ɗin, jihar da rabin labarin nata ne. Madhya Pradesh da Uttar Pradesh da wasu jihohi suka dakatar da shi, sai da kotuna suka shiga, har Kotun Ƙoli, sannan aka buɗe hanya. Alhali gidan sarautar Jaipur, waɗanda su ne zuriyar gidan Amer, ba su ƙi fim ɗin ba.

Yanzu ku yi lissafi da ni. A 1960 K. Asif ya fitar da Mughal-e-Azam, inda Prithviraj Kapoor ya fito a Akbar, Durga Khote ta fito a matarsa, da wannan suna dai na Jodha Bai. Iyayenmu sun kalle shi a sinimomin Kano da Kaduna. Shekara arba'in da takwas sunan yana yawo, ƙasa ba ta kama da wuta ba. Me ya canza? Indiya ce ta canza. An rushe masallacin Babri a 1992, an yi rikicin Hindu da Musulmi a Gujarat a 2002. A irin wannan yanayi ka fito da fim inda gimbiyar Hindu ta kafa wa sarki Musulmi sharaɗi biyu kafin aure, ba za ta bar addininta ba kuma a gina mata ɗakin bauta a cikin fada, ya amince, daga baya kuma ta so shi da zuciya ɗaya. Biri ya yi kama da mutum. Suna dai hujja ce ta riƙewa a hannu, abin da ke ci musu rai shi ne auren da kuma daɗin da aka nuna an ji a cikinsa. Ƙungiyar nan ta Karni Sena ce dai a 2017 ta far wa mai ba da umarni Sanjay Leela Bhansali a Jaipur yana tsakiyar ɗaukar Padmaavat, fim ɗin da ba wanda ya gani tukuna.

Kada ku ɗauka na zo wanke Gowariker ne. Ina da tawa tuhumar, kuma ba ni na gano ta ba, goggona ce. Na kawo faifan gida, muka zauna da ita bayan isha'i. Mace ce da ta girma da fina-finan Indiya, ba ta jin yarensu amma ba ka isa ka ba ta labarin abin da ke faruwa ba. Muna cikin awa ta biyu sai ta juyo ta ce, "Kai, wai ina sauran matan?" Na ce waɗanne, Goggo? Ta ce, "Sarki guda, mai wannan ƙasa duka, a ce matarsa ɗaya? Ɗana, ɓoye su aka yi."

Gaskiyarta. Kafin 'yar Bharmal ta shigo, Akbar yana da Ruqaiya Sultan Begum, 'yar baffansa. Yana da Salima Sultan Begum, matar marigayi Bairam Khan, wadda ya aura a 1561. Bayan 'yar Bharmal ma ya auri wasu 'ya'yan sarakunan Rajput. Fim ɗin ya share su kaf, ya miƙa aikin kishiya ga uwar goyo. Haka nan ya nuna mana Akbar yana soke harajin da ake karɓa daga masu ziyarar wuraren ibadar Hindu, wanda ya faru a 1563, amma ya rufe labule kafin 1568, shekarar da wannan Akbar ɗin ya ci ganuwar Chittor aka kashe dubban mutane. An wanke shi tas, an mayar da shi irin mijin da 'yar boko ta Mumbai za ta yarda da shi, kuma irin shugaban da Indiya mai addinai da yawa take fata. Wannan ya fi batun suna nauyi nesa ba kusa ba, amma ba shi ya cika shafukan jaridu ba. Tsohuwa a tsakar gida ta gani a zama ɗaya, don ta san yadda gidan sarauta yake.

Ga inda hannuwanku na ɗazu suka shigo. Lokacin da furodusa Ekta Kapoor ta mayar da labarin shirin talabijin na Zee TV daga 2013 zuwa 2015, me ta fara yi? Ta dawo da Ruqaiya, ta ɗora ta a matsayin uwargida mai zafin kishi. Da wannan aka ja kashi sama da 500. Ba cewa nake shirin ya fi fim ɗin gaskiya ba, shi ma ya yi nasa ƙarin gishirin har ya yi yawa. Amma ya nuna girman abin da aka cire.

Wani ɗan abu a gefe, don na ga masu son waƙa a baya can. Khwaja Mere Khwaja, wadda Rahman ya rera da bakinsa, yabo ne ga Shehu Mu'inuddin Chishti na Ajmer. Alaƙar Akbar da hubbaren wannan shehi gaskiya ce, a 1570 da ƙafa ya taka daga Agra zuwa can don godiyar samun ɗa. Sai dai juyin nan da masu fararen riguna suke yi, har sarki ya tashi ya shiga cikinsu, an fi saninsa da 'yan ɗariƙar Maulawiyya na Konya a Turkiyya, ba Chishtiyya ba. Aro ne. Amma na kalli wurin ya fi sau goma, kuma ban taɓa jin zan kai ƙara ba.

Daga ƙarshe dai fim ɗin ya yi kasuwa. A bikin Filmfare na 2009 ya ɗauki kyautar fim mafi kyau, da ta mai ba da umarni, da ta jarumi. Gwamnatin Indiya ta ba shi kyautar ƙasa a fannin sutura da tsara rawa, 'yan kallo a bikin fina-finai na Sao Paulo a Barazil ma suka zaɓe shi. Gowariker ya sake haɗuwa da Hrithik da Rahman a Mohenjo Daro a 2016, aka sake gina gari guda, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, kasuwa ma ta juya baya. Gini yana nan, kiɗa yana nan, jarumi yana nan, amma ba faranti.

Shugaba yana nuna mini agogo. Ɗan'uwa mai kula da na'ura, don Allah a rage fitila, a sa mana wurin walimar nan. In an fara, ku bar kallon sarƙar wuyan Aishwarya, ku kalli fuskar Maham Anga daidai lokacin da aka ɗauki farantin.