Haɗarin Igiyoyin Rediyo a Tashoshin Tauraron Ɗan Adam: Wa Ya Kamata Ya Yi Hattara?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da ɗalibai da sauran mahalarta, ina yi muku barka da zuwa.

Tun farkon shekarun 1970, lokacin da aka buɗe tashar Lanlate da ke Jihar Oyo a yau, Najeriya take aika saƙo zuwa tauraron ɗan adam da manyan farantai. Daga baya aka gina ta Kujama kusa da Kaduna, yanzu kuma akwai tashar NigComSat, kamfanin tauraron ɗan adam na gwamnatin Najeriya, a Abuja, ban da ƙananan farantai da ke kan rufin bankuna da gidajen talabijin. Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko zama kusa da waɗannan farantai yana cutarwa, kuma na lura cewa masu fargabar galibi ba su ne ke cikin haɗarin ba.

Farantin da ke gidajenmu na kallon ƙwallo karɓa kawai yake yi, ba ya aika komai, don haka mu ajiye shi gefe. Maganarmu a kan wanda ke aikawa ce. Tauraron da yake nufa yana nisan kilomita 35,786 a saman layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, saboda haka dole a tattara ƙarfin a harba shi waje guda kamar hasken tocila, yawanci a zangon gigahaz 6 ko 14 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo ne). Waɗannan igiyoyi ba irin na hoton ƙashi na asibiti ba ne, ba su da ƙarfin tsinka ƙwayoyin halitta. Abin da aka tabbatar suna yi shi ne ɗumama nama. A 1945 wani injiniya a Amurka, Percy Spencer, yana aiki kusa da na'urar rada sai ya tarar alewar da ke aljihunsa ta narke, kuma daga nan aka samo na'urar ɗumama abinci da ke kicin ɗin wasunmu. Jikin mutum yana rage zafi ta hanyar gudanar jini da gumi, amma akwai sassan da ba su iya hakan sosai, musamman ƙwayar ido, wadda zafin zai iya jawo mata yana, da kuma 'ya'yan maraina.

Hukumar ICNIRP, wato hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga irin waɗannan igiyoyi, wadda ƙasashe da dama ke bin ƙa'idojinta, ta sa iyaka a wannan zango: wat 10 a kowane murabba'in mita ga jama'a, wat 50 ga ma'aikacin da aka horar. Hukumar sadarwa ta Amurka ma a kan wannan adadi ta tsaya. An faro lissafin ne daga wat 4 a kowane kilo na nauyin jiki, wanda zai iya ɗaga zafin jiki da kusan digiri ɗaya, sannan aka raba shi goma saboda ma'aikata, aka raba shi hamsin saboda sauran mutane, domin a cikinsu akwai yara da tsofaffi da marasa lafiya.

To, mu yi misali da lissafi. A ce farantinmu faɗinsa mita 9 ne, yana aika wat 500 a gigahaz 6. A tsakiyar hasken da ke fita daga gare shi za a sami kusan wat 19 a murabba'in mita, wato ya haura iyakar jama'a amma bai kai ta ma'aikata ba. Abin da ɗalibai suka fi yin kuskure a kansa shi ne zaton cewa da ka ja da baya ƙarfin zai ragu. A gaban babban faranti ba haka abin yake ba, domin hasken yana tafiya a dunƙule, kuma a wannan misali sai ya yi kusan mita 400 kafin ya fara raguwa sosai. Amma idan ka kauce gefe da tazarar faɗin farantin sau ɗaya daga tsakiyar hasken, ƙarfin ya faɗi aƙalla sau ɗari. Wannan ne ya sa maƙwabcin da ke bayan shinge yake cikin aminci muddin farantin sama yake kallo. Matsala tana tasowa ne idan an sunkuyar da shi don ya kama tauraron da ke can gabas ko yamma, sannan bayan shekaru wani ya gina bene ko ya ɗora tankin ruwa a kan hanyar hasken ba tare da an sake aunawa ba.

Yanzu mu hau kan farantin. Duk wat 500 ɗin nan daga bakin ƙaho guda, wato na'urar da ke fesa igiyoyin, suke fitowa kafin su bazu a jikin farantin. Idan faɗin bakin santimita 20 ne, ƙarfin da ke wurin ya kai kusan wat 16,000 a murabba'in mita, fiye da iyakar ma'aikata sau ɗari uku. Wanda ya hau cire sheƙar tsuntsu ko goge ƙurar hunturu, na'ura tana kunne, shi ne ya sa kansa a wannan wuri. Haka wanda ya kwance bututun da igiyar ke bi ya leƙa cikinsa da ido. Ƙaramin faranti mai wat 2 ma ba a sa fuska a gaban ƙahonsa, don bakin nasa ƙanƙane ne, ƙarfin a cunkushe yake.

Na taɓa ziyartar wata tasha inda na ga allon gargaɗi ya koɗe har ba a iya karanta shi, tsani kuma yana jingine da farantin, kowa zai iya hawa. A ganina wannan ya fi duk wata jita-jita ta unguwa tayar da hankali. Ƙa'idar aikin a bayyane take: kafin a hau, a kashe na'urar aikawa, a sa wa makunnin kwaɗo, mabuɗin kuma ya kasance a aljihun wanda ya hau, domin abokin aiki da ke ɗakin sarrafawa zai iya ganin saƙo ya yanke ya kunna da kyakkyawar niyya. Ma'aikacin da aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya karɓi irin wannan aiki.

Game da ciwon daji, a 2011 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya jawo cutar amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba, kuma mafi yawan binciken da aka duba a kan wayar salula da ake mannawa a kunne aka yi shi. Bayan hutun sallar la'asar za mu fita da na'urar awo zuwa farantin da ke bayan wannan ɗaki, kowa ya karanta adadin da kansa.