Yadda kachalla ta cinye fadamar Hadejia zuwa Nguru

Jama'a salamu alaikum, na baya kuna ji na dai ko? To madalla. Abin da za mu duba yau shi ne me ke sa wata halitta ta cika wuri ta yi kaka-gida, wata kuma da kowa ya saba gani ta yi ɓatan dabo. Ba sai mun je Turai neman misali ba, mu tafi fadamar Hadejia zuwa Nguru.

Ka tambayi duk wani dattijo a yankin zai ce maka da can kachalla, wato doguwar ciyawar nan mai fitowa a cikin ruwa, tsilli-tsilli take a bakin ruwa. Kogi ya kawo da damina ya malale fadama, kifi ya shiga ya yi ƙwai, a yi shinkafa, rani na yi ruwa ya ja ƙasa ta bushe har ta tsage, shanu su shigo su yi kiwo. To wannan bushewar ita ke taka wa kachalla birki, don ita ba ta jure fari, so take saiwarta na cikin ruwa kullum.

Sai can saman kogin aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo a 1992, aka koma sakin ruwa har da rani saboda noman rani da ruwan sha. Ku riƙe wannan da kyau ɗalibai, ba yawan ruwan kaɗai ya canza ba, lokacinsa ne ya rikice, babbar ambaliyar da ke wanke hanya ta ragu, wurin da ya saba bushewa kuma ya daina. Kachalla ta samu yadda take so, tana yaɗo ta ƙarƙashin laka, iska na kwasar irinta mai kamar auduga, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwan ya rasa mafita ya kwanta a gonakin mutane, kwanciyar nan kuma ta sake haifar wata kachallar. Masunci da kwalekwalensa sai ya sa lauje kafin ya wuce.

Wa ya ci riba? Jan baki. Tsuntsun nan ya samu makwanci a cikin kachalla mai duhu da ruwa a ƙasa, da wuya wani abu ya kai gare shi, gari na wayewa ya tashi kamar hadari ya sauka a gonar shinkafa, yara na ta kaɗa gwangwani da majajjawa har rana ta faɗi.

Shi ya sa ni feshin jirgi da ake yi don kashe jan baki bai cika burge ni ba, wallahi an kashe na bana ne kawai, makwancin na nan. Malam na ga ka ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.