Amsoshin Tambayoyinku: Katakon Tirelar Babur ɗin Ƙanƙara

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Lokaci ya ƙure mana, sai mu buɗe jakar wasiƙu. Wani ɗalibi daga Montreal ta Kanada na tambaya: wa ya ƙera babur ɗin da ke gudu kan dusar ƙanƙara? Amsa a taƙaice, Joseph-Armand Bombardier ne ya fito da samfurinsa mai suna Ski-Doo a 1959, a garin Valcourt na lardin Kebek a Kanada. Kusa da kai ne ma, ɗan samari, ka leƙa.

Sai tambayar da ta zo mana daga Winnipeg ta Kanada da kuma Minnesota ta Amurka, kusan iri ɗaya: ƙaramar tirelar da suke ɗora babur ɗin, katakon daɓenta ya fara laushi yana ɓarewa. Malam kafinta, ina mafita?

Kafinta: To, madalla. Daɓen nan yawanci katako ne mai falle-falle da aka manne da gam. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ya shiga tsaga da rana, ya daskare da dare, ya buɗa ta, gobe ya ƙara nutsawa, har fallayen su rabu. Kuma kowa sama yake kallo, alhali ɓarnar daga ƙasa take. Gishirin da ake zubawa a titi tayoyi ne ke watso shi ƙarƙashin tirela, wani irinsa ma janyo danshi yake, katakon ba ya bushewa.

Mai gabatarwa: Ku ji fa, ƙarƙashi da gefuna. Ƙarƙashi da gefuna!

Kafinta: Su ne. Gefen da zarto ya yanka ya fi ko'ina shan ruwa. Aikin shafa wa katakon mai kuma na kaka ne, kafin sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Celsius, in ba haka ba shafin ba zai kama ba. A wanke, a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku. A ɗiga ruwa a gani: in ya nutse, katakon zai sha mai. A goge da samfefa, a shafa man katako mai ratsawa ciki sau biyu, gefuna da ramukan sukuru sau uku. Lita guda tana rufe kamar murabba'in mita 8 zuwa 10, wato fuska ɗaya ta tirela mai ɗaukar babur biyu. In fenti za a yi a sama, a barbaɗa yashi mai laushi saboda santsi. Amma ƙarafan ƙarƙashin babur ɗin kan karce kowane shafi, sai an shimfiɗa layukan roba mai tauri inda suke bi.

Wani abu kuma, ko da ba a tambaya ba. Katakon da aka yi wa maganin hana ruɓewa yanzu akwai jan ƙarfe a cikin maganin, yana cin alminiyam. A sa tef na roba tsakaninsa da firam ɗin tirela in na alminiyam ne, sukurun kuma marasa tsatsa.

Mai gabatarwa: Na Winnipeg ya ce zai shafa baƙin mai. Haba bawan Allah, araha ba ta ado! Santsi zai kayar da kai, ya kuma gurɓata ƙasa. Ni dai ban yarda ba.

Kafinta: Kuma tsumman da aka shafa man katako da shi kada a dunƙule a jefar, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi ko a tsoma cikin ruwa.

Mai gabatarwa: Wata 'yar'uwa tana tambaya ko a rufe tirela da tamfol, mu ƙare da ita.

Kafinta: A rufe, Hajiya, amma a bar kafar iska. A share dusar ƙanƙara daga babur kafin a ɗora shi, a ɗaga gaban tirela in an ajiye, ruwan ya gangara baya.