Tukunyar kashayam a kan murhuna, daga Thrissur

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da asuba. Wannan ƙarar da kuke ji ruwa ne a kan rufi. Muna cikin Karkidakam, watan da damina ke tsananta a jihar Kerala ta ƙasar Indiya, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, kuma shi ne lokacin da mutanen nan suka fi neman maganin gaɓɓai. Abin da ke kan murhuna a nan birnin Thrissur kashayam ne, wato dafaffen ruwan maganin tsirrai.

Ni ma gwiwata ta dama ce ta hana ni sakat. Ta kumbura, ta yi ɗumi, sujada sai a kan kujera. Asibiti na fara zuwa, aka ɗauki hoto aka gwada jini, likita ya ce ba karaya, kumburi ne. Daga nan maƙwabciyata, wadda nake kira Chechi, wato Yaya, ta raka ni wurin vaidyan, likitan Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya. Ba mai talla a bakin kasuwa ba ne, karatun shekara 5 da rabi suke yi kafin a ba su izini. Ya kama tsintsiyar hannuna, ya tambayi barcina da abin da nake ci, ya ce vata ce ta yi yawa, wato iska. Sai na tuna yadda tsofaffinmu ke cewa sanyi ya shiga ƙashi.

Bari in matso da kyamara. Wannan garin maganin da ke tafin hannuna shi nake dafawa, sunansa Rasnasaptakam, tsirrai 7 ne a ciki. Ƙamshin da ya fi tashi na rasna ne, saiwa ce 'yar'uwar citta. Amma abin da ya tsaya mini a rai, da vaidyan ya karanto mini sauran, ashe har da tsidau! Tsidau dai da ke soke mu a ƙafa muna yara, su suna ce masa gokshura. Akwai kuma saiwar zurma, wadda ke fitowa a bayan gida ba mai kula ta. Wallahi sai da na yi shiru.

Abin da ya burge ni shi ne awo. Giram 50 na gari, ruwa ninki 16, mililita 800 ke nan, a tukunyar ƙasa, wuta kaɗan-kaɗan, ba murfi, har ya ƙone ya koma 100. Kun ga wannan tsinken da na yi wa tsaga? Da shi nake gane ya kai. Sai in tace da tsumma mai tsabta, in raba biyu, rabi yanzu kafin in ci komai, rabi da yamma, da ɗan garin busasshiyar citta.

Ɗaci kam akwai shi, ya kusa kai maɗaci.

Na tambaya kafin in fara, ku ma ku riƙa tambaya: kashayam dafawa ne kawai, amma wanda ake kira arishtam tsime ne, yana da barasa a ciki, shi ban karɓa ba. An hana ni nono mai tsami da ruwan firji. Likitan asibiti ma na kai masa takardar maganin ya duba, domin ɗaya daga cikin tsirran, guduchi, an samu waɗanda ya taɓa wa hanta. Mai ciki da mai shan wani magani, don Allah kada ku haɗa da kanku.

Yau kwana 19. Kumburin ya sabe, ciwon bai tafi duka ba, matakala har yanzu sai na dafa bango. Amma shekaranjiya na kai goshina ƙasa a sallar Asuba. Ga shi ya huce daidai sha. Bismillah.