Yadda Likitan Haƙori Ke Gano Ruɓewa Tun Kafin Ta Zama Kogo

Haƙori ba ya fara ciwo ranar da ya fara ruɓewa. Ɓawonsa na waje, wato inamel, ba shi da jijiya, don haka asid kan shafe watanni yana cinsa, mai haƙorin bai ji komai ba. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin dattin da ke manne wa haƙori ne ke cin sukari su fitar da wannan asid, kuma da zarar pH, wato ma'aunin da ke sauka idan asid ya ƙaru, ya yi ƙasa da 5.5, sai ma'adinan inamel su fara narkewa. Shi ya sa aikin likita ya wuce neman kogo. Abu uku yake son sani: akwai ruɓewa? Ina zurfinta ya kai? Tana ci gaba ko ta tsaya?

Da ido ake farawa, amma ba a kan jiƙaƙƙen haƙori mai datti ba. Sai an wanke shi, an haska fitila mai ƙarfi, an sa ɗan madubi, sannan a hura masa iska na kamar daƙiƙa 5. Wannan busarwar ita ce sirrin aikin. Inamel da ya fara lalacewa yana da ƙananan ƙofofi. Idan yawu ya cika su, wurin sai ya saje da lafiyayyen haƙori. Iska na kore yawun, farin tabo sai ya fito kamar an ɗiga alli. Tabon da ba a gani sai an busar, bai yi nisa ba. Wanda ake gani ko da haƙorin na jiƙe, ya fi shiga ciki. A kan wannan aka gina ma'aunin matakan ruɓewa da ake kira ICDAS, mai lamba 0 zuwa 6: 0 lafiyayye, 1 da 2 tabo ba rami, 3 inamel ya fara fashewa, 4 inuwa mai duhu daga ƙarƙashi, 5 da 6 kogo a fili.

Ku lura, baƙi ba shi ne ruɓewa ba. Tabo mai duhu, mai santsi, mai sheƙi da tauri, galibi tsohuwar ruɓewa ce da ta tsaya. Wanda ake tsoro shi ne fari ko rawaya-rawaya, marar sheƙi, mai kaushi, da datti a kansa, musamman a bakin dasashi. Likita kan tantance su da siririn ƙarfe mai ɗan dunƙulen kai na rabin milimita, yana shafawa a hankali. A da ana danna ƙarfe mai tsini a ga ko zai maƙale. Yanzu an rage wannan, kuma da hujja: tsinin na iya huda inamel da fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) zai iya farfaɗowa, ya mai da tabo rami, sannan maƙalewar ma ba shaida ba ce, don lafiyayyen tsagin turmi mai zurfi ma yakan riƙe ƙarfe.

Inda ido ba ya kaiwa shi ne tsakanin haƙora, ƙasa kaɗan da inda biyu suka haɗu. Nan hoton eksire ke shigowa. Majiyyaci zai ciji ɗan fiffike da ke riƙe da fim ko na'urar ɗaukar hoto, hoto ɗaya ya nuna turamen sama da na ƙasa. Wani likita a Amurka, Howard Raper, shi ya fito da wannan salo a 1925. Ruɓewa tana fitowa da duhu, domin inda ma'adinai suka ragu, haske ya fi ratsawa.

Amma hoton yana da iyaka. Ba ya nuna komai sai wurin ya rasa kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ma'adinansa, saboda haka ruɓewar da ke cikin baki takan fi ta hoto zurfi. Idan aka karkata na'urar, haƙora sai su hau juna su rufe daidai inda ake nema. Akwai kuma wata inuwa da ke fitowa a wuyan haƙori saboda sirantar wurin, wadda kan ruɗi wanda bai goge ba. Sannan hoto ba ya faɗa ko saman inamel ya fashe, alhali wannan ne kan raba tsakanin a yi ciko da a shafa fuloraid a sa ido. Idan likita na shakka, yakan sa ƙaramar roba tsakanin haƙoran na 'yan kwanaki, ta ɗan buɗa su, ya duba da idonsa. Yawan ɗaukar hoton kuwa ya danganta da haɗarin mutum: mai yawan ruɓewa duk bayan wata 6 zuwa 18, babba mai lafiyayyen baki duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Akwai kuma aikin haske. Ana ɗora siririyar fitila a gefen haƙori. Lafiyayye yakan bar haske ya wuce, ruɓaɓɓe ya yi inuwa. Ya fi amfani a haƙoran gaba da wajen gano tsagewa. Wata na'ura mai suna DIAGNOdent ita kuma siririn hasken leza take harbawa a kan haƙori, ta ba da lamba daga 0 zuwa 99, wadda ke hawa idan akwai alamar ruɓewa. Matsalarta, tabon abinci da tsatsar haƙori da datti duk suna ɗaga lambar. Likitan da ya huda haƙori don lambar na'ura kawai, ya yi gaggawa.

Idan ramin ya yi zurfi, tambayar sai ta koma kan jijiya. Ana fesa sinadari mai sanyi a 'yar auduga a taɓa haƙorin. Zafin da ya ɗauke da an janye audugar yana nuna jijiyar na iya warkewa bayan ciko. Wanda ya daɗe yana zugi, ko yake tashin mutum cikin dare, alama ce kumburin jijiyar ya yi nisa. Idan haƙorin bai ji sanyin ba sam, kuma ana ƙwanƙwasa shi yana ciwo, sai a ɗauki hoton da ke nuna saiwa har ƙarshenta, a duba ko ƙurji ya taru a ƙashi kafin a yanke shawarar wanke jijiya ko cirewa.