Darasi kan zaɓen tsirkiya ga bakan da aka sassaƙa a gida

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau na wanda ya riga ya sassaƙa bakansa ne, ko na dargaza ko na gora ko na wani icen mai lanƙwasa, ya bar shi ya bushe a inuwa, yanzu kuma yana neman abin da zai ɗaura masa. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, bakan ice yana son tsirkiya mai ɗan miƙewa kaɗan. Idan ta cika miƙewa, ƙarfin da ya kamata ya tura kibiya zai ƙare a jikinta, idan kuma ba ta miƙewa ko kaɗan, duk girgizar da ke biyo bayan harbi za ta koma kan icen, har wata rana ya tsage daga kai.

Kafin a zaɓi komai, sai an san nauyin jan bakan. Ku ɗaura masa kowace igiya mai ƙarfi ta wucin gadi, ku rataye shi ta tsakiya a jikin turke ko reshe, sannan ku saƙala bokiti a tsakiyar igiyar kuna zuba ruwa sannu a hankali, har igiyar ta sauko daidai inda hannunku yake kai ta idan kun ja, wato wajen santimita 70 ga babban mutum. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka idan lita 18 ce ta kai ta wurin, nauyin jan bakanku kilo 18 ne. Ƙa'idar masu haɗa baka ita ce tsirkiya ta iya ɗaukar ninki huɗu zuwa biyar na wannan nauyi kafin ta tsinke, wato kilo 72 zuwa 90 ke nan ga baka mai jan kilo 18. Da wannan bokitin za ku gwada silin zare guda ɗaya: idan ya tsinke a lita 9, kuna buƙatar sili 8 zuwa 10. Kada ku ce bari ku ninka domin kwanciyar hankali, domin tsirkiya mai kauri tana da nauyi, nauyin nan kuwa yana rage wa kibiya gudu.

Mu fara da fata, wadda ita ce maharban ƙasar nan suka gada. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, sai su tafi wurin dukawa su sayo jemammiyar fata saboda ta fi kyan gani da laushi. Fatar da aka jeme da bagaruwa ta dace da takalmi da jaka, amma a kan baka sai ta yi ta miƙewa har ta saki. Ɗanyar fata ake nema, ta akuya ko ta ɗan maraƙi, wadda aka kankare gashinta da sauran naman da ke jikinta. Ana yanka ta ne a zagaye, daga gefe ana bi ana shiga ciki, yadda za a sami tsiri guda ɗaya dogo ba tare da ƙulli ba, kuma faɗinsa ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, domin duk inda wuƙa ta zame ta sirance shi, nan ne zai tsinke. Sai a jiƙa shi ya yi laushi, a murɗe shi sosai, a ɗaure kai ɗaya a sama, a rataya dutse a ɗayan, a bar shi ya bushe a inuwa yana miƙe. Dattawa suna yabon fatar gada da ta barewa, amma namun dajin nan sun yi ƙaranci, kuma a wurare irin su dajin Falgore da Baturiya doka ta hana farautarsu, don haka fatar akuyar da za ku samu wurin mahauta ta wadatar.

Aibin fata ɗaya ne, ba ta shiri da laima. Tsirkiyar da take ƙara kamar ta molo a lokacin hunturu, da zarar damina ta kankama sai ku tarar ta yi sako-sako. Shafa mata man kaɗanya yana taimakawa, amma ba ya kawar da matsalar. Haka ma jijiyar bayan sa, wadda ake busarwa a daddaka ta zama zare-zare a tufke, ta fi fata ƙarfi, amma ita ma ruwa yana sa ta saki.

Sai abin da ƙasa take fitarwa. Rama ita ce kan gaba a wurinmu, kuma ba baƙon abu ba ne a yi tsirkiya da zaren tsiro, domin dogayen bakunan yaƙi na Ingila a zamanin da, da zaren tsirrai ake ɗaura su. Sai dai igiyar rama ta kasuwa, wadda ake ɗaure akuya da ita, ba za ta yi ba. Ku zaɓi dogayen zaruruwa daga ramar da ba ta daɗe a jiƙe har ta fara ruɓewa ba, ku tsefe su, ku raba gida biyu, ku yi tufka yadda aka saba, kowane ɓangare ana murza shi ta hannu ɗaya ana kuma naɗe su ta ɗaya hannun. Inda za ku ƙara sabon zare, kada ƙarin ɓangarorin biyu ya faɗo wuri guda. Bayan an gama, a goge ta da kakin zuma har ya shiga ciki. Rama ba ta miƙewa da yawa, kuma ba ta ba da sanarwa kafin ta tsinke, saboda haka a riƙa duba ta kafin kowane harbi. Kaba da ɓawon kuka ku bar su ga igiyar guga da ta shinge. Zaren auduga kuwa ba shi da ƙarfin wannan aiki, sai dai bakan wasan yara.

A cikin zaren zamani, wanda na fi amincewa da shi ga bakan ice shi ne foliyesta. Masu harbin baka a Turai da Amurka suna amfani da wani nau'insa mai suna Dacron B-50, kuma sili 12 sukan sa wa baka mai jan kilo 18 zuwa 20. Yana da ɗan miƙewar nan da muke nema, kuma damina ba ta sauya shi. Wanda bai same shi ba, ya nemi zaren foliyesta mai kaki irin na masu ɗinkin takalma, ya gwada shi da bokiti ya ƙirga silinsa. Ku lura fa, a kasuwa kowane zaren roba nailan ake ce masa, alhali ainihin nailan, irin na igiyar shanya da zaren kamun kifi, miƙewarsa ta yi yawa, sai ya riƙa dukan hannu kibiya kuma tana faɗuwa kusa. Zaren buhu rana tana cinye shi. Akwai kuma masu tsada irin su Dyneema da Kevlar, waɗanda kusan ba sa miƙewa, an yi su ne domin bakunan masana'anta masu ƙarfafan kawuna, kuma a kan icen gida suna iya yanka tsagar da tsirkiya take zama a ciki.

Ko da wanne kuka zaɓa, ku yi ta ta gaza tsawon bakan da wajen santimita 7 ko 8. Idan an ɗaura, tazarar da ke tsakanin mariƙi da tsirkiya ta zama kamar dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, wato wajen santimita 15. Sabuwar tsirkiya takan saki a kwanakin farko, sai a cire kai ɗaya a ƙara murɗa ta har tazarar ta dawo. Ku naɗe tsakiyarta da siririn zare inda gindin kyauro yake zama, haka ma kawunan biyu inda take gogar ice. Kada a taɓa jan baka a saki babu kibiya a kai, kuma idan an gama harbi a kwance tsirkiyar, a ajiye ta inda ɓera da gara ba za su kai gare ta ba.